Sunan Kakata a Allon Ƙawata

Nei Torika,

Don Allah ki taimake ni kafin watan nan ya ƙare. In ban ji ta bakin wani mai hankali ba, zan shiga ofishin malaminmu in yi maganar da za ta raba ni da ƙawata har abada, kuma ba zan ɓoye miki ba, rabin zuciyata so take in yi.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a a nan Suva, babban birnin wannan ƙasa tamu ta tsibirai, ina karanta yadda ake kafa sana'a da tafiyar da ita. A sashenmu ba da biro ake cin jarrabawar ƙarshe ba. Malaminmu, Dakta Naicker, cewa yake duk wanda rana ba ta taɓa gasa shi yana jiran mai saye ba, to labarin kasuwa kawai yake ji. Don haka dole kowa ya kafa sana'a ta gaske, a kanta za a ba shi maki. Da aka ce mu haɗu biyu-biyu ban ko waiga ba na kama hannun Timaima, wadda muke ɗaki ɗaya tun shekarar farko. 'Yar tsibiran Lau ce, jirgin ruwan garinsu sai ya ga dama yake zuwa, ba ta da kowa a Suva. Ni na nuna mata motar da ake shiga, ni na riƙa jan ta ƙauyenmu a Rewa duk hutu don kada ta zauna tana kallon bango. Ki riƙe wannan, Nei, ni na kai ta.

Ni kuma na kawo shawarar mu sayar da vakalolo a ƙofar jami'a. Ba na kasuwa ba, irin na kakata, Bubu Vasemaca: rogo mai laushi, madarar kwakwa da ƙonannen sukari, a naɗe a ganyen ayaba. In ana biki a ƙauyenmu har dattawa sukan ɓoye ƙunshi ɗaya a jaka tun ba a yi addu'a ba. Da farko kafin azahar mun sayar mun tashi.

To, kin san halinmu. Labari na isa ƙauye cewa jikar Bubu ta kafa tebur, sai kerekere ya fara, roƙon nan namu na 'yan'uwa da ba a cewa a'a. Wannan ta zo ta ce kerekere, matan coci na da taro. Wancan ya ce kerekere, yara sun ji labari sun hana shi sakat. Kawuna Peniasi ya tsayar da motarsa ya kwashi rabin kwando wai ya yi baƙi, yana tsokanata da hajiyar kasuwa mai digiri, har da tuna min cewa a kafaɗarsa na fara ganin teku. Wa zai hana kawunsa? Ki faɗa min, wa? Muka zama muna dafa wa dangina abinci kyauta, Dakta Naicker na kallon rahotonmu yana girgiza kai.

Sai Timaima ta ce mu ma mu yi musu kerekere, mai gona ya kawo rogo, mai mota ya ɗauko mana kaya. Raina ya ɓaci. Na ce mata ban ƙona idona a karatu don in koma ƙauye ina roƙon ganyen ayaba ba, kuma mahaifiyata ita kaɗai ta raine ni ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Ta ce girman kai ne. Na ce ita da ba ta da dangi a nan, ina za ta san nauyin abin. Na ga maganar ta soke ta, amma ai ni ma a soke nake. Na ce ta riƙe teburin, na bar mata, mu ga tsiyar da za ta tsinana. Malam ya yarda muka rabu, na koma sayar da rigunan waya ta intanet, abin da babu ɗan'uwan da zai ce a ba shi ya ci. Yana tafiya dai, ba yabo ba fallasa.

Ashe baiwar Allah Asabar na zagayowa ta sayi ɗaurin saiwar yaqona, wadda a al'adarmu ake miƙa wa manya in za a nemi wani abu a wurinsu, ta hau motar garin Nausori ita kaɗai, ta nufi ƙauyenmu. Ƙauyenmu fa, Nei, kuma ko a fuska ba ta nuna min ba. Ta roƙi Kawu Peniasi ya gabatar da ita, ta zauna a tabarma gaban Bubu kamar baƙuwar da ba ta taɓa cin abincin gidan ba, aka miƙa yaqona, ta nemi izinin sayar da vakalolon da sunan tsohuwa. An ce Bubu har hawaye ta yi. Ta karɓa, ta ja ta bayan gida ta nuna mata yadda take jefa dutse mai zafi cikin gurzajjiyar kwakwa kafin ta matse, wanda shi ke ba shi ƙamshin hayaƙin nan. Ni da na girma a cinyarta ban san da wani dutse ba.

Yanzu Kawu Peniasi, mai kwashe rabin kwando, shi ke kawo wa Timaima rogo a motarsa yana fara'a. 'Ya'yan gwaggona ke yanko mata ganye. Ta ware kwando ɗaya na dangi, kowa ya zo ya ɗauka, in ya ƙare ya ƙare, kuma babu mai fushi. Dangina ne fa! A saman teburin ta kafa allo an rubuta Vakalolon Bubu Vasemaca, kullum ta gabansa nake wucewa in shiga aji. Sashenmu kuma ya zaɓe ta za ta wakilce mu a baje kolin matasan 'yan kasuwa a Auckland, can ƙasar waje, an kuma ba ta rumfa a cikin jami'a na shekara guda.

Duk wannan da sauƙi. Na je gida kwanan baya na tarar da ita a kan kujerar gurzar kwakwa ta Bubu, wadda tun muna yara ake dukan hannunmu in mun taɓa, su biyu suna ta dariya, Bubu na kiranta jikata ta teku. Na tambayi Bubu me ya sa ba ta taɓa nuna min dutsen ba. Ta kalle ni ta ce ni ai ci na iya, ban taɓa tambaya ba, Kawu ya fashe da dariya. Na yi murmushi, na koma bayan gida na yi kuka kamar ƙaramar yarinya.

Kishi nake, Nei, ba sai an faɗa min ba. Ina buɗe shafinta in karanta masu yabonta, in rufe, in sake buɗewa. In hadari ya haɗu ranar kasuwarta sai in ji sanyi a raina. Har yau takan ajiye min ƙunshi ɗaya a kan gadona. Nakan ce ba zan ci ba, in ta fita in cinye, kuma ya fi wanda muke yi tare daɗi, wannan ma haushi yake ba ni.

Dokar sashenmu ta ce dole sana'ar ta zama tunanin ɗalibi ne na kansa, kuma ana karɓar ƙorafi har ƙarshen wata. In na je na ce tunanin nawa ne, girkin na gidanmu ne, za a iya cire sunanta. Na san ba ni za a ba ba, wani can za a ɗauka. Duk da haka ƙafata na ƙaiƙayin zuwa. Ashe ba gaskiya zan faɗa ba? Ki faɗa min abin yi.

Jikar Bubu ta Asali, Suva

*

'Yata,

Na gode da kika kira abin da sunansa. Da yawa sukan cika min shafi ba su ambaci kalmar kishi ba.

Bari in fara ba ki naki. Tunanin naki ne, ke kika buɗe wa Timaima ƙofar gidanku, kuma nauyin kerekere a kanki ya faɗa, ba a kanta ba. Duk wanda ya taɓa sayar da ko gyaɗa ce a ƙasar nan ya san wannan nauyin. Ita ma ta yi kuskure. Bai dace ta tafi ƙauyenku a bayan idonki ba, balle ta kafa allo da sunan kakarki ki gan shi a hanya kamar kowa. Kina da damar jin ciwo, kina da damar faɗa mata.

Yanzu ga nata. Da bakinki kika ce kin bar mata. Girkin kuma ba naki ba ne, na Bubu ne, tana raye, da hankalinta, an roƙe ta yadda ake roƙo ta bayar. In kika kai ƙorafi, Dakta Naicker zai nemi jin ta bakin tsohuwa. Kin shirya a je a gaya wa kakarki cewa jikarta ta kira kyautarta sata, bayan ta karɓi yaqona a gaban jama'a? Ba Timaima kaɗai za ki kayar ba. Kada ki je.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma na lura ba Auckland ce ta sa ki kuka ba, kujerar gurzar kwakwa ce. Ko an cire sunan ƙawarki a sashe, ofishin malami ba ya raba wannan kujerar.

Ga abin da nake gani kin tsallake, kuma ba a aji ake koyar da shi ba. Kerekere hannu biyu gare shi, ke da ɗaya kika yi aiki. Kin ba kowa, amma ba ki bar kowa ya ba ki ba. Na fahimci inda kika samo hakan, mahaifiyarki ta yi jarumta, Allah ya saka mata. Sai dai a wurin danginki, wanda ba ya roƙonsu komai kamar yana ce musu ba ya bukatarsu ne. Kawunki ba ci-ma-zaune ba ne, ga shi yana jigilar rogo da fara'a. Ba a taɓa tambayarsa ba ne kawai, haka ma Bubu.

Abin yi ba shi da yawa. Ki zaunar da Timaima ki faɗa mata abin da ya yi miki zafi, ki kuma janye maganar rashin dangi, domin mummunar magana ce ga yarinyar da teku ya raba da uwarta. In kina so a rubuta cewa tare kuka fara, ku je wurin malam ku biyu, ita ta faɗa da bakinta. Mai ajiye miki ƙunshi a gado bayan abin da kika gaya mata ba za ta hana ki wannan ba. Ki daina leƙa shafinta na ɗan lokaci. Sannan ki sayi ɗaurin yaqona naki, ki hau motar Nausori, ki zauna a tabarma gaban Bubu ki tambaye ta dutsen. Za ta tsokane ki, ki daure.

Abu na ƙarshe. In Timaima ta tafi Auckland, rumfar nan mai sunan kakarki wani zai tsaya a cikinta, kuma na san wadda ta fi dacewa. Amma kada ki jira a yi miki tayi. Ki buɗe baki ki yi wa ƙawarki kerekere. Ita ma 'yar ƙasar nan ce, ba za ta iya ce miki a'a ba, kuma ina zargin ta daɗe tana jiran ki tambaya.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ba ku sa'ar kammalawa ku biyun, ya kuma ƙara wa Bubu Vasemaca lafiya da tsawon rai, ta ga jikokinta biyu a bayan tebur ɗaya.

Taki,
Nei Torika