Gishirin gaisuwar Katung a gindin dutse

Zuwa ga ƙanwata Selina,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, ke da jikoki da dukan mutanen Kafanchan. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu nan ƙasar waje, a garin Bowie, lafiya lau, matata Constance tana fama da aikin asibiti, ni kuwa ina fama da ɗanki Katung.

Gyara zama ki ji. Kin san tun rasuwar babansa ni ke tsaya wa Katung a ƙasar nan. Ya ce yana son wata yarinya, Olive, na nemi babanta, Bartholomew, ya sa mana Asabar ƙarfe biyu mu kai gaisuwa gidansa a garin Clinton. Goro, lemo, zannuwa da buhun gishirin da kika aiko tun daga gida, duk na damƙa wa Katung, don motarsa ce za ta kai. Ashe yaron nan ya shiga wata ƙungiyar masu tseren mota, likitoci da kanikawa da tsofaffin da ba su da aikin yi. Ƙarshen mako sai su tare wata siririyar hanya mai hawa dutse, kowa ya haura shi kaɗai a guje, ana duba agogo. Ba a zuwa ko'ina, Selina. A hau, a sauko, a sake hawa.

Ranar da muka sa, ranar ce ta tserensu. Ya lissafa wai zai hau sau ɗaya da safe ya dawo. Dokarsu kuwa ba a barin komai a cikin mota, sai ya sauke kayan gaisuwarmu a kan ciyawa a gindin dutse, aka yi ruwa.

Mu muna falon Bartholomew da manyan riguna, dattawa shida, har tuwon acca ya huce. Na ba da labarin duniya har ya ƙare mini. Ƙarfe biyar muka ji ƙara kamar injin niƙa, sai ga ango da ƙatuwar lamba a ƙofar mota, babu kujerar baya, ya cire wai nauyi. Ya buɗe but ɗin bayan motar, zannuwa sharkaf, gishiri ya narke ya bar mana buhu. Da na tambaye shi, har da ce mini ya rage daƙiƙa biyu a kan lokacinsa na bara! Ban taɓa jin kunya irin wannan ba. Olive ta shige ɗaki tana kuka. Babanta bai ɗaga murya ba, ya ce kawai ba ya ba da 'yarsa ga mutumin da ke ajiye ta a ciyawa.

Sau uku na koma ina roƙo da furfurata. Jiya ya yarda da rana ɗaya tak, Asabar ta ƙarshen watan gobe, kuma na tabbata ya bincika, don ranar ce tserensu na rufe shekara. In Katung bai zo ba, magana ta mutu.

Ki kira shi ki yi masa faɗan uwa, kada ki lallashe shi. Ki kuma ba mai zuwa nan wani gishirin. Ni na yi nawa: ba a barin kowa ya hau dutsen nan sai da hular kwano, tasa kuwa tana ɗakin girkinmu, Constance ta zuba albasa a ciki.

Ki gai da Yashim da yaranta, da Baba Fasto.

Yayanki,
Bot