Jan fentin da na shafa a gwiwar ɗan kokowa

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni.

Ni mai ɗaukar hoto ne a Gaya, shagona ba nisa da gada. Bayan hoton biki da na takardu, ina da wata sana'a da na fi so: in ɗauki hoton sanannen mutum, mawaƙi ko ɗan wasa, in wanke shi babba, sannan in bi shi da fenti da hannuna. Bara wani ɗan kokowa da duk mai sauraren rediyo ya san sunansa ya yarda na ɗauke shi, da gurunsa da layunsa. Da zai tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Mai hoto, shafa abin da ka ga dama a sama, amma kada ka taɓa min ƙafa. Da ita nake ci." Na yi dariya na ce wallahi ba zan taɓa ba.

Na taɓa. Na gama aikin na ga kamar da saura, ƙasan hoton ya yi fari fat, sai na tsoma burushi a jan fenti na ja layi ɗaya a gwiwarsa ta dama. Ya yi kyau ƙwarai, ba zan yi ƙarya ba. A raina na ce ai camfi ne, me fenti zai yi wa ƙato kamar wannan? Har wata madam mai gidan nuna zane a Kwatano ta biyo, ta ɗauki hotonsa a portabul ɗinta, wato wayar hannu, ta ce za ta sa shi a bajekolinta. Ranar har rawa na taka ni kaɗai a shago.

Bayan girbi aka yi kokowa a Tanda. Kamun farko gwiwarsa ta goce, ta dama, daidai inda na ja layin. Likita ya ce shi da fili sai dai kallo. Danginsa suka ce sa hannu ne, suka je wurin wani mai duba, ya ce musu an sa masa ja a gwiwa, kuma wanda ya yi ya taɓa riƙe hannunsa. Wa za su zarga? Kawunsa na Bengu, tsohon da ke ɗaura masa layu tun yana yaro. Yanzu ko gaisuwarsa ba a amsawa, an ce matasa sun jefi ƙofarsa, ya daina fita masallaci. Ni kuma ina nan ina jin labari a bakin masu shan shayi, ina cewa "Allah ya kyauta" kamar mutumin kirki.

Ran Litinin ɗan kokowar ya shigo shagona da sanda, ya rame. Ya ce, "Abokina, ina hotona? Ina so in rataye a ɗaki, in riƙa ganin lokacin da nake da ƙafa." Na ce, "Babban yaya, fentin bai bushe ba." Fentin wata takwas! Ya ce to, Juma'a zai dawo bayan masallaci.

Yana fita na ɗauko esansi, wato fetur, na goge wurin. Jan ya fita tare da takardar, yanzu rami ne a gwiwar, ya fi da muni. Na san za ku ce in wanke wani sabo in ba shi. Na yi tunanin haka. Amma madam ɗin ta riga ta buga afish, wato takardar talla, da wannan hoton, jan layin na nan ɓaro-ɓaro, kuma direbobin kamiyo, manyan motocin kaya na garin nan, kullum suna Kwatano. Mutum ɗaya ya ɗauka a waya, na kaɗe.

Ni har yau ban san ko fentina ne ya karya shi ba. Abin da na sani, na yi rantsuwa na saɓa, kuma tsoho yana kulle a ɗaki a madadina. In na faɗa, waɗanda suka jefi ƙofar kawunsu na jini, ni bare me za su yi min? In na yi shiru, tsohon nan zai iya mutuwa da sunan maye.

Jibi ne Juma'a. Don girman Allah, in ya turo ƙofar nan da sandarsa, me zan yi?