Tarin motar kakanka

Angona Sani,

Kafin gaisuwa ga tambaya: wace ce ke ɓoye cikin ciki tana dama mai da iska kamar fura, amma ƙwayar rairayi guda ta shaƙe ta?

To, ina gajiya, ya aiki, ya zaman Agadas? Ya Hadiza da yara? Mu nan lafiya lau.

Tsohuwar motar da kakanka ya yi maka alkawari ta yi ta tari a hanyar Hawandawaki har ta mace. Ya rantse in ba ta tashi ba masu gwangwan zai ba. Ya taɓa batir, ya zagi buji, wato fulogi, ciwo bai ganu ba. Na ce, "Malam, tun da na ƙwace kallabina, da me kake tace isansi, man motar?"

Kawunka Ilu ya ɗage tukunyar iska, ga mutuniyar da na tambaye ka a ƙasa. Ya kwance ta, ya wanke, ya hura 'yar ƙofarta da baki. Mota ta tashi. Kakanka ya ce ai dama ya sani.

Motarka na nan. Aiko kallabi biyu, nawa da nata. Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa.

Kakarka Dije ce. Amsar kuwa, karburatar ce.