Harafin da Ba Shi da Lanƙwasa

Tungar Daji,
4 ga Afrilu, 2009.

Zuwa ga Yaya Hamida,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara da mutanen Gummi. Mu ma lafiya, alhamdulillahi.

Yaya, wani mai sayen zinari ya bar wa Baba takarda. Ban taɓa ganin rubutu mai kyau irin nata ba. Haruffan dogaye ne, gefe ɗaya da kauri, ɗayan siriri kamar gashi, kowanne yana tsaye a kan 'yan ƙafafu, irin na kwalin turaren aurenki. Baba ya ce wanda ya yi wannan rubutu ba zai cuci talaka ba. Sai dai babu lanƙwasa ko ɗaya a ciki, ƙ da k duk ɗaya ne.

Baba ya sa na karanta a gaban maza. Wani layi ya ce dutsen da aka haƙo "a sa a daka". Ni na karanta "a sa a ɗaka". Yanzu buhu shida suna ɗakin Inna, inda ƙaninmu Ɗantani ke rarrafe.

Ƙanwarki,
Maimunatu.

29 ga Afrilu.

Yaya Hamida,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Mutumin ya dawo. Ashe daka yake nufi, na turmi. Ya yi ta dariya, wai 'yar boko ta kai dutse ɗaki kamar amarya. Ya ce tunda ya riga ya shigo gida, sai a daka shi a nan. Na ji kunya har na kasa cin abinci.

Inna da Goggo suna daka tun safe, a turmin da muke surfe. Garin dutsen yana ƙyalli, yana sauka a kan tabarma da randa. Agwaginmu huɗu sun mutu. Goggo ta ce ciwon kaji ne, amma kajin suna nan.

Taki,
Maimunatu.

17 ga Mayu.

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Ɗantani ba ya jin daɗi. Ya daina rarrafe, jiya ya sanƙare har sau biyu, idonsa ya juye. An ba shi rubutu da maganin zazzaɓi, bai canza ba. 'Yar Saratu maƙwabciyarmu ma ta fara.

Ban san ko dutsen ne ba. Na gwada faɗa wa Baba, ya ce in nuna masa inda takardar ta faɗi haka. Na duba, babu. Abin da na sani, bakina ne ya shigo da shi gidan nan, kuma ban gaya wa kowa wannan tsoron ba sai ke.

Don Allah ki zo kafin Juma'a ki tafi da shi asibiti, Inna za ta ji maganarki. Amma Yaya, kada ki zo da yaranki.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Maimunatu Surajo.