Ana Neman Likita a Jirgi

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya yaranki? Mun dawo lafiya daga taron da na raka mijina, sai dai hankalina bai dawo ba.

Muna tsakiyar tafiya a jirgin sama wani dattijo ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar bayi. Sau uku ana shela ko akwai likita a jirgin. Na taɓo mijina, mutumin da ko Inna ba ta kiransa sai Likita. Ya ja bargo ya rufe fuska, alhali yanzun nan muka gama hira. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta miƙe. Sai da ta nuna katin aikinta kafin a buɗe mata akwatin magani, wai ƙa'idarsu ke nan. Da aka ambaci kati, ina kallo mijina ya ƙanƙame hannun kujera.

Da muka sauka na tambaye shi, ya ce barci ne ya sace shi. Jiya yana wanka na zazzage jakarsa. Babu kati. Farar rigarsa tana ninke, ko ƙanshin asibiti ba ta yi. To ina yake zuwa kullum da safe? Wa na aura, Yaya?

Ki riƙe wannan a cikinki.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki, na kuma ga amsarki. Kin ce in yi haƙuri, ban iya ba. Na je asibitinsu. Mai gadi ya gaishe ni da fara'a, ya ce ya jikin Likita, wata bakwai ba su gan shi ba.

Da ya dawo na miƙa masa shayi a cike, na tsaya a kansa. Kafin kofin ya kai bakinsa rabi ya zube a wando. Sai na tuna ya daɗe bai sha komai a gabana ba. Ya ce hannunsa ne ya fara rawa, shi da kansa ya mayar da katin kafin ya yanka ɗan wani ba daidai ba. Kullum a ɗakin karatu yake yini. Taron da ya ce zai halarta a tafiyar ma, likitan jijiya ya je gani.

Na ce ai bakinsa ba ya rawa, da ya tashi a jirgin ya faɗa wa ma'aikaciyar jinyar abin yi. Ya ce ba kati, ba mai sauraronsa. Ban sani ba ko gaskiya ne, ko kunyata ya ji. Dattijon kuwa a gadon ɗaukar marasa lafiya aka fita da shi, ba mu san yadda ya ƙare ba. Likita ya kira kamfanin jirgin sau biyar, sun ƙi faɗa masa.

Har yanzu ina fushi. Amma yau da safe na ga yana kokawa da maɓallin riga, na je na saka masa. Bai ɗago ya dube ni ba.

Ki gaishe da Inna. Kada ki faɗa mata tukuna.

Taki,
Auta