Ranar da Na Ƙi Ba Dogo Gaba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya lau, shago yana tafiya, har na ƙara ɗaki saboda sababbin kekuna. Uwar yara ce dai walwalarta ta ragu tun da ɗanmu Dogo ya koma wajenku aiki, kullum sai ta share ɗakinsa kamar gobe zai dawo.

Yaya, maganarsa ce ta sa na ɗauki biro. Ana jibi zai tafi ya roƙe ni mu yi doguwar tafiya a keke, mu biyu kawai, wai akwai maganar da yake so mu yi a hanya. Da sassafe muka ɗaure gorar ruwa da famfo da kayan faci, muka bi gefen kanal, wato babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki. Turbar siririya ce, keke ɗaya take ɗauka, ga iska tana dukanmu ta gaba. Masu doguwar tafiya kuwa ƙa'idarsu ita ce na gaba ya tare iska, na baya ya laɓe ya huta, a riƙa canji. Ni na koya masa haka tun ƙafarsa ba ta kai feda ba.

Muna wuce gadar farko ya ce in koma baya ya karɓe ni. Na ce ni da na fara faci a gindin bishiya har na kafa shago, babu wanda ya taɓa tare mini iska, ba yau za a fara ba. Ya yi dariya, ya ce to shi ke nan, zai bi hasken sanƙona. Da muka bar kanal muka hau hanyar ƙauye mai faɗi, sai ya matso muka jera. Wallahi Yaya, na ɗauka wuce ni zai yi, sai na ƙara taka feda. Ashe hira yake nema. A inuwar da muka tsaya shan ruwa numfashina ya ƙi dawowa, sai na durƙusa ina taɓa sarƙa don kada ya gane. Ya kira ni a hankali, na ce ya bari in gama. Sarƙar nan lafiyarta ƙalau, kuma ɗan mai keke ne, ya sani. Bai tona ni ba.

Dawowa a motar wani mai kayan lambu muka yi ta, ni kuwa barci ya kwashe ni har ƙofar gida. Washegari a tasha ga jama'a, addu'a kawai na yi masa. Wuni guda cur, ban da ƙeyata babu abin da yaron nan ya gani. Yanzu in na tambaye shi a waya sai ya ce ba komai, ya ma manta. Ni na haife shi, bai manta ba.

Kada ki titsiye shi, maganar ba taki ba ce. Ki dai gaya masa kekensa yana rataye a shago, na sa masa mai, wani ya taya na ce ba na sayarwa ba ne. In ya zo hutu za mu koma kanal, kuma shi ne a gaba. Da bakinki zai fi daɗin ji, nawa bai saba ba.

Ki gaida maigida da 'yan biyu da Auta. Uwar yara tana gaishe ki, ta ce ki lura ko yana cin abinci.

Naki,
Ƙaninki mai kekuna