Na ɓoye ciwon Inna don kada a fitar da ita daga Madina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana, domin masu sayen dabino a wajen Uhudu da yawa za su iya gane ni. Ku taimaka min da shawara, kuma kafin ranar Lahadi nake buƙatarta.

Ni mace ce, shekarata arba'in da bakwai, sana'ata dabino. Da faranti na fara, yau Alhamdulillahi ina da shago, ina kuma aika kaya Kano da Damagaram. Na faɗi haka ne don ku san ni ba yarinya ba ce, abin da na yi da idona biyu na yi shi, babu wanda ya yaudare ni.

Akwai wata tsohuwa da muke kira Inna. Ba ita ta haife ni ba, amma ita ta riƙe ni lokacin da na zo garin nan ban san kowa ba, a ɗakinta na yi shekara huɗu, ita ta koya min bambanta dabino mai kyau da wanda aka shafa wa mai. Mutuniyar Damagaram ce, ta zo da mijinta tun tana amarya. Shi ya rasu an binne shi a Baƙi'a, 'yarsu ɗaya tilo ita ma tana can. Yanzu ba ta da kowa sai ni. Da ƙarfinta ya ragu na yi ta zirga-zirga da takardu, har Allah ya sa ta samu ɗaki a wani gidan kula da tsofaffi mata na wata ƙungiyar agaji a unguwar Harra ta Yamma.

A gidan nan duk wata shida ana yi wa kowace tsohuwa abin da suke kira takyim. Nas ce take zama da kwamfuta tana tambaya: tana ci da kanta, tana ƙwarewa in ta sha ruwa, tana kai kanta banɗaki, ta faɗi a 'yan watannin nan, tana gane ranar da ake ciki. Kowace amsa da makinta, a ƙarshe a haɗa a ba ki lamba. Lamba ɗaya mai yi wa kanta komai, lamba biyu mai buƙatar a ɗan kama mata, lamba uku wadda sai an tsaya a kanta. Wannan lambar ita ce komai. Ita ke faɗa wa kicin irin abincin da za a kawo miki, ita ke faɗa wa ma'aikata sau nawa za a leƙo ki, da ko za a sa wa gadonki ƙarfe a gefe. Matsalar ita ce sashen 'yan lamba uku na nan Madina gadajensa kaɗan ne, kuma a cike suke. Duk wadda aka ba uku, reshensu na Jidda ake kai ta, ta jira har gado ya samu a nan, kuma kun san yadda gado yake samuwa a irin wannan sashe. Maƙwabciyar ɗakin Inna haka aka tafi da ita, ba ta yi wata biyu ba ta cika, a can aka binne ta. Inna ta ga fitarta ta taga.

Tun da hawan jini ya taɓa Inna bara Larabcinta ya gudu, sai Hausa kawai, don haka ni nake yi mata tafinta. Ana gobe takyim na baya, da la'asar, ta kama min wuyan hannu ta ce, “Ke 'yar nan, shekara sittin ina jiran ƙasar garin nan ta karɓe ni. Saura taku kaɗan, kada ki bari a ɗauke ni.” Na ce to Inna, gobe sai ki ce musu lafiya kike. Ta ce a'a, ita ba za ta yi ƙarya a garin Manzo ba da wannan furfurar. Ita za ta faɗi gaskiya da Hausa, ni 'yar kasuwa ce, na san yadda zan juya.

Haka kuwa aka yi. Nas ɗin 'yar Indiya ce, Sista muke ce mata, mace mai haƙuri. Ta tambaya ko Inna na ƙwarewa, Inna ta ce kullum, har ruwa, ni na ce ba ta ƙwarewa. Ta tambaya ko ta faɗi, Inna ta ce sau biyu a banɗaki, ni na ce ko sau ɗaya. Da aka zo maganar fitsari Inna ta sunkuyar da kai ta ce yana kufce mata, na ce kunya take ji amma tana kai kanta. Ni da ban taɓa zuba wa alhaji dabino lamba biyu a kwalin lamba ɗaya ba, ranar na yi wa mutum. Sista ta sa hannu, Inna ta samu biyu, ta zauna.

Na ɗauka an wuce wurin, ashe aikin ne ya fara. Wata shida kenan kullum da azahar nake rufe shago in je. Zannuwan da ta jiƙa a leda take ɓoye min su a ƙarƙashin gado, in tafi da su gida in wanke. Pampas na manya a jakata nake shigo da shi. In ta bugu ni ke shafa mata man zafi in ja hannun riga ya rufe wurin. Sati uku da suka wuce aka kawo mata shinkafa da kaza, irin abincin 'yan lamba biyu, loma ta uku ta tsaya mata. Fuskarta ta canza, ido ya fito, ba tari ba numfashi. Ga maɓallin kiran nas a jikin bango, tsakanina da shi bai kai kamu biyu ba. Na kalle shi, ban danna ba. Bayanta na yi ta duka har Allah ya sa abin ya fito. Wannan ban faɗa wa kowa ba, har maigidana, sai ku. Abin da ya fi damuna shi ne abinci sau uku ake kawowa, ni kuma a ɗaya kawai nake nan.

Ranar Lahadin nan za a sake yin takyim, shekaranjiya kuwa Sista ta tare ni a baranda. Ta ce, “Hajiya, Mama ta rage kilo shida. Ko dai sikelina yana ƙarya ko takardata, kuma a takardar ne sa hannuna yake.” Ta ce ta yi tunanin neman wani tafinta, amma ta ga Inna ba ta sakin jiki sai da ni, kuma ta yarda da ni. Da ta zage ni ma da ya fi min sauƙi. Na tambaye ta, kamar da wasa, ko akwai hanyar da mutum zai shiga layin gadon Madina yana zaune a ɗakinsa. Ta ce babu, sai mai lamba uku ake rubutawa a layin, mai lamba uku kuma ba ya kwana a sashen da babu mai tsayawa a kansa.

Na san wasu za su ce in ɗauko ta gidana. Na yi wannan lissafin tun kafin ku. A unguwar Jurf muke, hawa na uku, babu lifta, ni ina shago, yara suna makaranta, kuma ranar da ta bar gidan ta rasa ɗakin da maganin da likitan gaba ɗaya, ba a komawa. Maigidana ya ce in faɗi gaskiya kawai, ƙasa duk ta Allah ce, wanda aka rubuta masa Baƙi'a ko daga Sin ne zai zo ya kwanta. Na ce masa faɗa da baki ba wuya, ba shi aka kama wa hannu ba. Ya ce to idan ta shaƙe ita kaɗai a ɗaki, in shirya amsar da zan bayar, kwana biyu kenan sama-sama muke magana. Na gwada kai wa Inna maganar a hankali, na ce Jidda ba nisa, zan riƙa zuwa duk Juma'a. Ta juya ta fuskanci bango, ta ce ba za ta yi min baki ba don ta san na yi mata ƙoƙari, amma in har a Jidda ta cika, kada hannuna ya taɓa ruwan wankanta.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne wanda na gani ɗazu. Na ɗaga labulen gado in ɗauki leda, babu jiƙaƙƙen zane ko ɗaya, sai gorunan ruwa shida a jere, ko murfinsu ba a ɓalle ba. Leɓenta duk ya tsage. Na ce Inna mene ne haka, ta ce so take gadon ya kwana a bushe har Lahadi, don kada aikin ya yi min yawa a gaban Sista. Da ƙyar na samu ta sha cokali huɗu, a na huɗun ta ƙware. Kun san zafin da ake yi a garin nan yanzu, kuma yau Alhamis ce.

To 'yan uwa, musamman malamai da masu aikin jinya da ke cikinmu, ku faɗa min ba tare da kara ba. In faɗi gaskiya a kula da ita yadda ya kamata, a sa ta a mota zuwa Jidda tana fushi da ni, wataƙila fushin da ba za mu samu lokacin shiryawa ba? Ko in sake juya maganar ta samu abin da ta jira shekara sittin, alhali na san ta wace hanya zai iya zuwa, kuma da hannuna a ciki? Ina ma tsoron ko Lahadin ba za mu kai ba. In jira, ko gobe da safe in je in buga wa Sista ƙofa?